Garinku Yana Arewa, Ɗanka Yana Sabo: Wa Zai Tsawata Masa?



Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, maza da mata, mazauna Sabo da Sasa da Ojoo da Bodija da Akinyele da duk inda Bahaushe yake neman abincinsa a nan Ibadan, muna gaishe ku da fatan alheri. Wannan rubutu zai ɓata wa wasu rai. Mun sani, kuma sai da muka yi shawara kafin mu sake shi. Abin da ya faru makon jiya ne ya fi ƙarfin a yi shiru.

Daren Talata bayan sallar isha'i, wani dattijo da ya haura shekara saba'in, wanda da yawa daga cikinmu a gabansa muka koyi babbaƙu da farfaru, ya fito daga masallaci zai tafi gida. A wani lungu ya tarar da yara uku suna zuƙar abin da bai kamata ba. Babbansu bai kai sha biyar ba. Ya daka musu tsawa, biyu suka ruga, ya riƙe hannun na ukun ya kai shi har ƙofar gidan ubansa, ya yi sallama, ya faɗi abin da ya gani, ya wuce. Bai mare shi ba, bai zage shi ba. Washegari da hantsi uban yaron ya zo da 'yan sanda. Wannan bawan Allah ya wuni a kan benci a ofishinsu, sai da shugabanninmu suka bar sana'o'insu suka je suka karɓo shi dab da magariba.

Ba za mu ambaci sunan kowa ba. An zauna, an yi sulhu, uban ya ba da haƙuri, dattijon ya ce ya yafe duniya da lahira. Wannan ya wuce. Abin da bai wuce ba shi ne maganar da uban ya faɗa a gaban jama'a ranar da ransa yake ɓace: "Ba ruwan kowa da ɗana. In ya lalace ni ya lalace wa. In na ga dama gobe in sa shi a mota in kai shi gida a gyara mini shi."

Shi ya faɗa da baki, amma mu nawa ne muke da wannan magana a zuci? Da shi kaɗai ne da ba mu ɓata lokacinku ba. Mun ji irinta a bakin 'yan canji, mun ji a kara, mun ji a bakin mata a gidan suna. Abin mamaki kuma, masu faɗinta su ne kan gaba wajen alfahari da garuruwansu. A bayan motarsa an rubuta tumbin giwa, ko ɗakin kara, ko birnin Shehu. Ba ya fashin taron 'yan garinsu, shi ne na farko wajen biyan kuɗin kalanda da na anko. In ka taɓa garinsu da wasa sai jijiyar wuyansa ta tashi. Amma in ka taɓa ɗansa da gaskiya sai ya kira maka hukuma.

To muna tambaya: mene ne abin alfahari a garin naku? Ganuwa ce? Kasuwa ce? Hawan salla ne? Duk wanda ya zauna ya yi tunani zai ga abin da yake kewa a garinsu mutane ne. Tsohuwar da ta kama shi yana satar mangwaro ta kai shi gaban kakarsa. Mai shagon da ya hana shi zama a majalisar manya. Maƙwabcin da ya tashe shi sallar asuba da ruwan buta. Su suka yi shi mutum, har ya iya barin gida ya zo Kurmi aka ba shi amanar dukiya ya riƙe. Yau ya samu, ya hana ɗansa abin da ya gina shi, ya bar masa kirarin gari a gilashin mota.

Bari mu ɗauki maganar nan tasa gaɓa-gaɓa, tunda gaɓoɓinta uku ne.

Ta farko, wai ba ruwan kowa da ɗansa.

Ku tuna yadda aka raine mu. A gidan Bahaushe uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Uba ba ya yabon ɗansa a gaban mutane, ba ya shigar masa faɗa. Muna kiran wannan alkunya, wasu kuma yanzu suna ganin ƙauyanci ne. Amma ku duba aikin da take yi. Da uba ya ja da baya, sai fili ya samu ga baffa da kawu da goggo da inna da malamin allo da maƙwabci. In an yaye yaro, kaka ko goggo ta ɗauke shi riƙo. In ya yi laifi a waje aka hukunta shi, ba ya kawo ƙara gida, don ya san ƙari zai samu. Iyayenmu ba ƙin 'ya'yansu suke yi ba. Sun gane cewa so yana rufe idon uba, shi ne na ƙarshe da zai ga aibin ɗansa, don haka suka ba wa sauran jama'a izinin gani a madadinsu.

Wannan tsari bai tsaya a Arewa ba, da shi aka gina unguwar nan da muke ciki. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Legas a 1901, layin ya kai Kano a 1911, fataucin goro da shanu ya buɗe. Kakanninmu da suke zaune a warwatse cikin gari aka ware musu Sabo a 1916. Da me suka riƙe kasuwar? Ba su da banki, ba su da lauya, yawancinsu ba su da takardar boko. Bafatake zai taso da shanunsa daga Arewa ya sauka a gidan mai gida. Mai gida ya ba shi ɗaki da abinci, ya haɗa shi da dillali, a ba mahauta Yarbawa shanu bashi, mai gida ya tsaya a kan kuɗin. In mahauci bai biya ba, mai gida ne zai biya. Haka goro: a saya a hannun manoma, a ɗaure huhu, a tura Arewa, kuɗi ya dawo ta hannun mutanen da ba a rubuta komai da su ba. Har wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zo ya zauna a Sabo a 1962 zuwa 1963 don ya gane yadda ake wannan abu, ya fitar da littafi a kai a 1969.

Amanar da ta ɗauki wannan dukiya daga ina ta fito? Daga yaran da aka raina a zaurukan masu gida. Yaro yana shara, yana kai wa baƙi abinci, ana aikensa da sule biyu a ga ko zai dawo da canji. Duk layin yana kallonsa. In ya yi ƙarya sau ɗaya, kafin la'asar kowa ya ji. In ya yi gaskiya shekara goma, wata rana a damƙa masa jakar kuɗi a ce kai Kano. Unguwa ce take tantance shi, ita take ba shi shaidar da ta fi ta makaranta. 'Yan canjinmu na yau da suke miƙa wa juna miliyoyi da kalmar baki, gadon wannan tarbiyya suke ci. In muka ce ba ruwan kowa da ɗan kowa, nan da shekara ashirin wa za a ba jaka?

Gaɓa ta biyu, wai in ya lalace shi ya lalace wa.

Ko a Kano wannan magana ba gaskiya ba ce, balle a nan. Yaron da yake shan ƙwaya ba shi kaɗai yake sha ba, sai ya nemi abokan sha, kuma a cikin 'ya'yanmu zai nema. In kuɗin saye ya ƙare, ba aljihun ubansa kaɗai zai laluba ba, shagon maƙwabci zai fasa. Sannan mu a nan muna da wani nauyi da 'yan'uwanmu na gida ba su da shi. A Katsina in yaro ya yi ɓarna, cewa za a yi ɗan gidan wane ne. A Ibadan cewa za a yi Hausawa ne. Ba a tambayar sunan ubansa, ba a tambayar ko daga Kazaure yake ko daga Maraɗi. Sunanmu ɗaya a bakin mutane, laifinmu ɗaya.

Wanda ya manta, ya tuna Sasa a watan Fabrairun 2021. Daga 'yar cacar baki a kasuwa wuta ta tashi. An rasa rayuka a ɓangarorin biyu, shaguna da gidaje sun ƙone, gwamnatin jiha ta rufe kasuwar ta sa dokar hana fita, har gwamnoni suka taso daga Arewa suka zo. Mata da yara nawa suka kwana a fili? Mutum nawa suka hau tirela da kayan jikinsu kawai? Kafin nan an ga Shagamu a 1999, an ga Idi-Araba a 2002, an ga Mile 12 a 2016. Ba mu kawo waɗannan don mu ɗora wa wani laifi ba, kowace rigima da yadda ta faro, kuma sau da yawa namu ne aka zalunta. Darasin da muke so a ɗauka shi ne yadda ƙaramin abu tsakanin mutum biyu yake cinye dukiyar dubbai a wuri irin namu. Al'ummar da take zaune a haka ba ta da halin barin yaro ɗaya ya tashi ba mai ce masa bari. Dattijon da ya riƙo hannun yaron nan, shagonka ya tsare maka, Alhaji, da namu gaba ɗaya.

Gaɓa ta uku ita ta fi ci mana rai: in kai shi gida a gyara mini shi.

Wane gida? Gidan da ka baro shekara ashirin da biyar da suka wuce ba shi ne yake can yanzu ba. Tsohuwar da ta kama ka da mangwaro ta rasu. Kawun da kake shirin jibga wa yaron yana da nasa tara, yana fama da kuɗin masara. Abin da kake gudu a lungun Sabo yana can yana jira a lungun garinku. Kodin ɗin da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigowa da shi a watan Mayun 2018, bayan binciken BBC, a biranen Arewa ya fi yin ɓarna. Kano tana kuka da 'yan daba da masu ƙwacen waya, Bauchi ta san Sara-suka, Gombe ta san Kalare, Yola ta san 'yan Shila. Ba aibata garuruwanmu muke yi ba, muna son su, can iyayenmu suke. Amma su ma neman mafita suke yi, ba su buɗe asibitin gyaran 'ya'yan 'yan Kudu ba.

Kuma mun ga ƙarshen wannan tunani na a kai shi wani wuri a gyara. A 2019 'yan sanda sun fasa gidajen mari a Kaduna da Daura da Katsina, har da nan Ibadan a Ojoo, aka fito da yara da manya da sarƙa a ƙafa, da tabon bulala a baya. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna zaton ana gyara. A 2020 lokacin korona mun ga gwamnoni suna loda almajirai a motoci, kowa yana mayar wa ɗan'uwansa, kamar kayan da aka rasa mai su. Kowane ɗaya daga cikin yaran nan yana da uban da ya ce wani ya riƙe masa.

Sannan ku duba abin daga wajen yaron. A nan aka haife shi, a nan aka yanka masa rago, a nan ya yi rarrafe. Yana jin Hausa, yana jin Yarbanci kamar ɗan Oja'ba, yana jin Turanci. A makaranta ana ce masa aboki, ana ce masa Gambari. Ka ɗauke shi ka kai shi garinku, can kuma a ce ga ɗan Yarbawa ya zo, a yi dariyar Hausarsa. In ya nemi takardar shaidar asali, a nan a ce ya tafi jihar ubansa, a can a tambaye shi wa ya san shi a unguwa. Wuri ɗaya tak a duniya da ba a tambayarsa daga ina yake shi ne layin da ya tashi a cikinsa. Sabo ce garinsu. Kai kana da Kano ko Gusau ko Zariya a zuciyarka, shi Sabo yake da ita. In ka raina ta a gabansa, kana ce mata wurin neman kuɗi kawai, kana ce wa dattawanta ba ruwansu da shi, ka bar shi ba gari ke nan. Yaron da ba shi da garin da zai ji kunyarsa kuwa, me zai hana shi aikata komai?

Mun san akwai masu ja da mu, kuma wasu maganganunsu suna da nauyi. Ba za mu tsallake su ba.

Wasu sun ce da sunan ɗa na kowa ne aka sha cutar da yara. Gaskiya ne. Mun san wanda ya fasa wa ɗan maƙwabci baki a kan ƙwallo ta faɗa masa gida. Mun san yadda ake fakewa da girma ko malanta a lalata yara, in abin ya fito a ce a rufa asiri, a haɗa uwar yarinya da Allah da Annabi har ta yi shiru. Unguwar da kowa ya san kowa tana iya renon yaro, tana kuma iya binne zaluncin da aka yi masa. Wannan laifinmu ne, mun yarda. Amma maganinsa a sa iyaka, a hukunta mai ƙetare ta. Tsawatarwa daban, duka daban. Kai yaro gaban ubansa daban, ɗaukar doka a hannu daban. Don wani direba ya yi ganganci ba a daina hawa mota.

Wasu sun ce zamani ya canza, yanzu ba a san kowa ba, kullum tirela tana sauke sababbin fuskoki. Wannan ma gaskiya ne. Rashin tsaro a Zamfara da Katsina da Sakkwato ya koro mutane da yawa, samari suna zuwa ba uwa ba uba, suna acaba, suna dako, suna kwana a rumfa. To amma Sabo da baƙi aka gina ta. Bambancin shi ne, a da baƙo ba ya kwana biyu sai an san mai gidansa, an san wanda zai amsa in ya yi laifi, an san wanda zai tsaya masa in an cuce shi. Mu muka saki wannan igiya. Yawan baƙi dalili ne na ƙara sa ido a kan juna, ba na kowa ya rufe ƙofarsa ba.

Wasu kuma, su ne masu yawa, sun ce mu baƙi ne a nan, gobe ana iya korar mu, gara mutum ya tara abinsa a gida. Ba mu hana kowa gini a garinsu ba, gida biyu maganin gobara. Amma ba a ce ka bar wanda kake kwana a ciki ya ci wuta ba. Mutum ya gina bene a garinsu, ya sa makulli, ƙadangaru suna kwana a ciki wata goma sha ɗaya a shekara, alhali Islamiyyar da 'ya'yansa biyar suke karatu a nan tana yoyo, malaminta yana bin albashin wata uku. Wannan wane irin lissafi ne? Baƙuncin da ya haura shekara ɗari, wanda kakanni suke kwance a maƙabartar garin, ya wuce a kira shi baƙunci. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama a duk inda ya so a Najeriya, sashe na 43 ya ba shi damar mallakar fili da gida a ko'ina. In mu da bakinmu muna koya wa 'ya'yanmu cewa nan ba wurinsu ba ne, me za mu ce da wanda ya zo ya faɗa musu haka da adda a hannu?

Akwai kuma wata cuta da ba a son faɗa. Mun rarrabu. Kanawa da taronsu, Katsinawa da nasu, Sakkwatawa da Zamfarawa da Zazzagawa kowa da nasa, 'yan Nijar da nasu. Zumunci abu ne mai kyau, ba mu ce a rushe ko ɗaya ba. Amma abin ya kai mutum ya ga yaro yana ɓarna ya ce ai ba ɗan garinmu ba ne. Ya kai a ce ai ubansa ɗan wancan masallacin ne, su je su ji da shi. Mai sayar da tiramol ba ya tambayar yaro garinsu, ba ya tambayar ko ubansa ɗan ɗariƙa ne ko ɗan Izala. Mu ne kawai muke tambaya kafin mu cece shi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, mu kuwa da hannunmu muke tsaga namu.

Iyayenmu mata, ku ma da ku muke. Ku kuka fi kowa sanin abin da yake faruwa a layi, kun san yaron da ya daina zuwa makaranta tun kafin ubansa ya sani. Amma sau nawa maƙwabciya ta kawo miki maganar 'yarki kika ce hassada ce, aka yi wata uku ba a gaisawa? Daga ranar ta kama bakinta, kin yi asarar ido biyu da suke tsare miki 'ya kyauta. Mu maza kuma mu ji kunya: mutum ya fita tun asuba, ya dawo sha ɗayan dare, bai san ajin da ɗansa yake ba, amma ranar da wani ya tsawata masa sai ya tuna shi ne uba.

Surutu ba ya gyara unguwa, don haka ga abin da shugabanni za su gabatar a babban taro na ƙarshen wata. Ku karanta, ku zo da gyaranku.

Na ɗaya: kowane layi ya fitar da dattawa biyu maza da biyu mata da jama'a suka yarda da su. Wanda ya ga yaro a kan hanyar ɓata ya tsawata masa da baki, ya kai shi ga iyayensa ko ga waɗannan dattawa. Ba a yarda wani ya ɗaga hannu ya daki ɗan wani ba.

Na biyu: duk ɗan ƙungiyar da ya ji an yi wa ɗansa ba daidai ba wajen tsawatarwa, ya fara kawo ƙara gaban dattawan layi. Amma maganar fyaɗe, ko lalata da yaro, ko raunata shi, ko sayar masa da ƙwaya, wannan ta hukuma ce kai tsaye. Ba sulhu, ba rufin asiri, kuma ƙungiya ba za ta je belin kowa ba ko ɗan wane ne.

Na uku: masu gidajen kallon ƙwallo da shagunan caca da suke cikin unguwanninmu, za mu zauna da su. Yaron da bai kai sha takwas ba ba shi da abin yi a shagon caca ko da rana. Gidan kallo kuma a sallami ƙananan yara da ƙarfe tara na dare.

Na huɗu: a rubuta sunan kowane yaro da ya isa shiga makaranta a kowane layi, mace da namiji, a san wanda yake zuwa da wanda ba ya zuwa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Yarinyar da take yawon talla a Mokola lokacin da sa'o'inta suke aji, tamu ce, kuma za mu je mu ji dalili daga iyayenta. In rashi ne a taimaka, in sakaci ne a faɗa musu gaskiya.

Na biyar: duk saurayin da ya sauka a unguwa ba shi da kowa, a nema masa mai gida kamar yadda aka yi wa iyayenmu, a san inda yake kwana da sana'ar da yake yi.

Na shida: muna roƙon ƙungiyoyin garuruwa, daga duk abin da aka tara na kalanda da anko da walima, a ware wani kaso don rufin Islamiyyu da albashin malamai a nan inda 'ya'yanmu suke. Nawa ne kason, taro zai yanke.

Na bakwai: mu riƙa kai yara garuruwanmu da hutu, su ga kakanninsu, su ga gona, su ga hawan salla, su san danginsu, don zumunta a ƙafa take. Amma a daina mayar da gida wurin horo. Wanda dole ta sa zai tura ɗansa, ya san hannun da zai riƙe shi, ya aika da abincinsa, ya riƙa zuwa dubawa.

Wanda yake son a san garinsu gari ne, ya nuna mana a jikin ɗansa. In yaro ya wuce ya durƙusa ya gaida manya, in an ba shi aike ya dawo da canji daidai, mutane da kansu za su tambaya ɗan wane ne, daga wane gari ubansa ya fito. Ta nan ake ɗaga sunan Kano da Katsina da Sakkwato a ƙasar Yarbawa. Kuma yaron ba zai zama haka ba sai Sabo ta taya ka, kamar yadda garinku ya taya mahaifinka.

Abu na ƙarshe. Dattijon nan tun ranar bai ƙara tsawata wa kowa ba. An ce shekaranjiya ya wuce wasu yara suna kokawa a bakin kwata, ya sunkuyar da kai ya wuce abinsa. Wannan ya fi wunin da ya yi a kan benci ciwo. Muna roƙon duk wanda ya taɓa zama a gabansa da allo, ranar Juma'a bayan an sauko mu haɗu mu je gidansa, kowa ya riƙo hannun ɗansa, mu gaishe shi, mu ce masa a gaban yaran: Malam, ga su nan, naka ne, in ka ga sun karkace ka yi magana.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya jiƙan iyayenmu da suka kafa mana wannan wuri, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Wanda muka ɓata wa rai ya yafe mana, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wassalamu alaikum.

Sakatare,
a madadin shugabannin ƙungiya.